Wuya a Ɗaure, Numfashi a Hannunka: Guedel, Bututun Hanci ko i-gel?

Wani dare bayan isha'i aka kawo mana wani ɗan kabu-kabu da mota ta banke a hanyar Illela. Cinyarsa ta karye, ƙashi ya huda fata, dole a shiga da shi tiyata kafin gari ya waye. Wuyansa kuma yana cikin kwala mai tauri, domin tun a hanya yake kukan ciwo a ƙeya, hoton da aka ɗauka kuwa bai fito da ƙasusuwan gindin wuya sosai ba. Ba wanda zai iya dafa Alƙur'ani ya ce wuyan nan lafiya lau yake. Ina tare da wani yaro da bai daɗe da gama karatun sa barci ba. Da magani ya kama mutumin, numfashi ya ɗauke yadda aka saba, sai na ga hannun yaron ya nufi goshin majinyaci zai tanƙwara kan baya. Na ce, "Kai, tsaya! Mi kake shirin yi?" Ya ce, "Ranka shi daɗe, iska ba ta shiga."

Gaskiyarsa, iska ba ta shiga. Idan mutum ya yi barcin magani, naman maƙoshi yakan saki. Harshe ya koma baya, ganɗa mai laushi ta wajen beli ta faɗo, murfin maƙogwaro ya kwanta, hanya ta toshe. Abin da aka koya mana tun ranar farko shi ne a tanƙwara kai baya, a ɗaga haɓa, a turo muƙamuƙi gaba. To, wuyan da ake zargin ya karye ya haramta maka biyun farko. Ƙasusuwa bakwai ne a wuya, laka na bi ta tsakiyarsu, kuma jijiyar da ke motsa tantanin numfashi tana fitowa ne daga mataki na uku, na huɗu da na biyar. Ƙashi ɗaya ya goce ya danne laka a nan, mutumin da ya zo da karayar cinya zai iya komawa gida hannu da ƙafa ba sa motsi, idan ma ya koma. Abin da ya rage maka shi ne turo muƙamuƙi, da kuma 'yan robobin buɗe hanyar iska da ke kan tire. A cikinsu wanne za ka miƙa hannu ka ɗauka?

Kafin a kai ga robobin, a fara da kwalar. Kwala mai tauri an yi ta ne ta tokare haɓa, saboda haka baki ba ya buɗewa yadda ya kamata, yatsunka kuma ba sa samun wurin kama kusurwar muƙamuƙi. Duk na'urar da za ka sa, kwalar nan za ta yi maka kishiya. Abin da ake yi shi ne a cire rabinta na gaba, a bar na baya, wani ya durƙusa a gefen kai ko ya tsaya ta wajen ƙirji, ya riƙe kan da hannu biyu ta ƙasusuwan bayan kunne. Ba jan kai zai yi ba, hana shi motsi kawai. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin sa barci na Birtaniya suka fitar a 2024 kan masu raunin wuya sun tsaya a kan hakan: a turo muƙamuƙi maimakon tanƙwara kai, a cire gaban kwala lokacin sa bututun numfashi a maƙogwaro.

Yanzu ƙidaya. Mutum ɗaya ya riƙe kai, hannunsa biyu sun tafi. Kai kana riƙe da mas, wato robar da ake kifawa a kan hanci da baki a ba da iska, da hannu biyu, tudun manyan yatsunka na danna shi a fuska, sauran yatsu na ɗago muƙamuƙi sama zuwa cikinsa, domin riƙon hannu ɗaya ba ya wadatarwa idan kai na kwance a miƙe. Na uku ya matsa jakar da ke tura iskar. Mutum uku ke nan, ban da mai miƙo magani da mai riƙe bututun zuƙe majina. A babban asibiti irin na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da rana tsaka, za ka waiwaya ka ga ɗalibai da likitoci masu neman ƙwarewa. A asibitin ƙaramar hukuma da ƙarfe biyu na dare, kai ne da mai shara da Allah. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ni a wurina wannan ƙidayar ita ce ma'aunin farko. Da ita zan auna kowace na'ura a nan.

Guedel shi ne tsohon hannu. Wani likitan sa barci ɗan Amurka, Arthur Guedel, ya bayyana shi a 1933, har yau siffarsa ba ta canza sosai ba: lanƙwasasshiyar roba mai rami, da wuri mai tauri inda haƙora ke cizo, da faifai a bakin leɓe. Aikinsa ya ɗauke gindin harshe daga bangon maƙoshi. Ba ya buƙatar a motsa wuya ko kaɗan, kuma siriri ne, yana shiga bakin da bai buɗe sosai ba. Shi ya fi kowa arha, babu tiren da ba a samunsa. Idan hannaye sun cika, shi nake fara ɗauka, ba na ma jiran sai na ga iska ta ƙi shiga. Da zarar barci ya yi nauyi nake sa shi, domin kowane matsin jaka da aka yi a kan toshesshiyar hanya ciki yake tafiya.

Inda ake samun matsala da shi girma ne. Ana aunawa daga haƙoran gaba zuwa kusurwar muƙamuƙi. Manya galibi lamba 2, 3 ko 4 suke ɗauka, wato tsawon santimita 8, 9 ko 10. Ƙarami ya tura harshe baya ya ƙara toshe hanya, gyaran gangar Auzinawa ke nan. Babba ya wuce ya danne murfin maƙogwaro. Ga majinyacin da za ka iya juya kansa, sai ka ɗan gyara zama ka ci gaba. Ga wanda aka riƙe wa kai, ba ka da wannan damar, saboda haka ka ajiye lamba biyu a kusa, wadda ka auna da wadda ke bi mata. Sannan juyin nan da aka saba, a sa shi a kife a juya shi a ciki, yana son sarari. Idan bakin ya matse, ko akwai haƙoran da suka girgiza a hatsarin, gara a danne harshe da katakon duba maƙoshi a zura shi a daidai, ko a shigar da shi ta gefe a juya rabin juyi. Yara kam dama ba a yi musu wancan juyin, ganɗarsu ba ta da ƙwari.

Aibinsa babba shi ne ba ya shiri da barci mai sauƙi. Mutumin da bai nutse ba zai yi kakari, ya yi yunƙurin amai, ko maƙogwaro ya ƙulle. A wuyan da ake kaffa-kaffa da shi, yunƙurin amai ɗaya ya fi duk motsin da hannunka zai jawo. Kuma kada a manta, Guedel bai sallami ko hannu ɗaya ba. Da shi a baki ma sai ka ci gaba da turo muƙamuƙi, sai an ci gaba da matsa maka jaka.

Bututun hanci kuwa ɗabi'arsa daban ce. Roba ce mai laushi, tana bi ta ƙasan hanci ta tsaya a bayan harshe, ta ratsa daidai inda ganɗa ke faɗowa. Bai damu da buɗewar baki ba sam. Mutum ya datse haƙora, muƙamuƙi ya kumbura, kwala na nan ba a cire ba, duk zai shiga. Abokan aikin da suka taɓa yi wa yaran da ciwon noma ya kulle wa baki aiki, irin waɗanda ake kawowa asibitin noma na nan Sakkwato daga ko'ina a Arewa, sun fi kowa sanin darajar hanci a ranar da baki ya ƙi. Kuma majinyaci na jure shi a barci mai sauƙi, abin da Guedel ba ya yi. Shi ya sa yake da amfani a ƙarshen aiki, lokacin da mutum ya fara farfaɗowa, an mayar da kwala, yana minshari amma ba zai yarda da komai a baki ba.

Manya mata galibi mai faɗin milimita 6, maza 7, amma tsawo ya fi faɗi muhimmanci: daga bakin hanci zuwa 'yar tsokar gaban kunne. A shafa masa man santsi, a nufi bayan kai da shi kai tsaye kamar ana bin ƙasan ɗaki. Masu koyo sukan nufi sama wajen ido, wai can hanci ya nufa. In ya cije, a fasa, a gwada ɗaya ƙofar.

Ga inda nake jin tsoronsa. Wanda ya faɗi daga babur har wuyansa ya bugu, da wuya a ce kansa bai bugu ba, balle a garin da hular kwano ta zama abin kallo. Idan gindin ƙoƙon kai ya tsage, akwai rahotannin da bututun hanci ya bi tsagar ya shiga cikin ƙwaƙwalwa. Ba a cika samun haka ba, amma sau ɗaya ya isa. Alamomin sanannu ne: baƙi ya zagaye idanu biyu, ko jini ya kwanta a bayan kunne, ko jini a dodon kunne, ko wani ruwa garai-garai na ɗiga daga hanci ko kunne. Matsalar ita ce wasu daga cikin alamomin nan ba sa fitowa sai bayan sa'o'i, wani lokaci kwana guda ko fiye. Rashin ganinsu a daren hatsari bai wanke kan ba. Ga kuma haɓo. A lokacin hunturu, da ƙurar nan da ke busar da hanci har ya tsattsage, ɗan gogawa kaɗan sai jini. Jini a maƙoshin mutumin da ke kwance rigingine, wanda ba za ka iya juya kansa gefe ba sai dai a mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume da mutum huɗu, ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Kada garin neman gira a rasa ido. Saboda haka ni ina ajiye shi ne ga wanda na tabbata kansa da tsakiyar fuskarsa lafiya, misali wanda aka riga aka yi wa hoton kai, ko wanda ya kwana biyu a kwance aka san abin da ke damunsa. A irin wannan, haɗa shi da Guedel a lokaci ɗaya yakan buɗe hanyar da kowannensu shi kaɗai ya kasa.

Akwai abin da su biyun ba sa magancewa, kuma a Sakkwato kullum muna tare da shi: gemu. Binciken da aka yi a Faransa aka wallafa a 2000 ya lissafa abubuwa biyar da ke sa ba da iska ta mas ya yi wuya, wato gemu, rashin haƙora, minshari, ƙiba, da shekaru sama da 55. Duba layin dattawan da ke jiran tiyata a kowane asibiti a garin nan ka ga nawa ne suka haɗa uku daga ciki. Mas ba ya kama fuska a kan ƙasumba, iska na tsiyaya ta gefe, kai kuma sai ka ƙara danna shi ƙasa, dannawar kuwa wuya take tafiya. Aske gemun malami yana barci ba tare da izninsa ba, wannan rigima ce da ba ka so ka farka da ita. Akan shafe gemun da man santsi, ko a lulluɓe shi da faffaɗar filasta mai manne ko ledar naɗe abinci a huda wurin baki. Tsohon da ba shi da haƙora kumatunsa sun zurma, a bar masa haƙoran roba in yana da su, ko a cusa bandeji a kumatu a ƙirga shi don kada a manta. Duk dabaru ne, suna aiki wani lokaci. Amma a nan ne na'urorin da ke zama a kan maƙogwaro suka yi wa Guedel fintinkau, domin sun ɗauke wurin toshe iska daga fuska sun mayar da shi can ciki, inda gemu bai kai ba.

Na farkonsu LMA ne, wanda Archie Brain ya ƙirƙira a Landan a farkon shekarun 1980, ya shiga kasuwa a 1988. Ɗan ƙoƙo ne mai balan-balan a baki, yana zama a kan ƙofar maƙogwaro. Lamba 3 ga mai nauyin kilo 30 zuwa 50, lamba 4 ga 50 zuwa 70, lamba 5 ga 70 zuwa 100. Iskar da ake hura masa kada ta wuce mililita 20, 30 da 40 bi da bi, kuma sau da yawa rabin hakan ma ya wadatar. Na asalin na silikon ne, ana dafa shi a sake amfani da shi har sau 40, abin da ya sa asibitin da ba shi da kuɗi ke sonsa. Da zarar ya zauna, hannunka biyu sun dawo naka. Ka iya matsa jaka da ɗaya ka ɗauki sirinji da ɗaya. Mutum uku sun koma biyu.

Sai dai Brain ya tsara shigar da shi ne da kai a tanƙware, wuya a ɗan ɗage. Idan kai na miƙe an riƙe shi, kwanar da ke tsakanin baki da maƙoshi takan yi tsini, bakin na'urar ya je ya tokari bangon baya ya naɗe. Sai ka ga mutum na tura yatsa da ƙarfi, ƙarfin kuma a kan ƙasusuwan wuyan yake sauka, domin su ne a bayan bangon. Idan mai taimako ya turo muƙamuƙi gaba yayin da kake zurawa, abin yakan zo da sauƙi. In ana danna maƙogwaro don tare amai, a saki a lokacin, dannawar na hana shi zama. Wani rauninsa kuma, yakan fara tsiyayar da iska idan matsi ya kai wajen santimita 20 na ruwa, kuma ba shi da hanyar da abin ciki zai fita.

Wannan raunin ne ya haifar da zubi na biyu. ProSeal ya fito a 2000, da bututun zuƙe ciki a gefe, yana kuma riƙe matsi har wajen 30. Na'ura ce mai kyau a hannun wanda ya saba da ita, amma tana da laushi da girma, shigar da ita a wuyan da ba ya motsi na son ƙwarewa, wasu har sai sun ɗora ta a kan buji, wato siririyar sandar roba da ake zurawa ta yi wa bututu jagora. Sai i-gel, wanda Dakta Muhammed Nasir, likitan sa barci ɗan asalin Pakistan mai aiki a Ingila, ya ƙirƙira, kamfanin Intersurgical ya fitar da shi a 2007. Ba shi da balan-balan ko kaɗan. Bakinsa wata roba ce mai taushi kamar tsoka da aka zuba a siffar maƙoshi, jikinsa faffaɗa ne mai ɗan tauri da lanƙwasa, yana da wurin cizo da siririyar hanyar zuƙe ciki. Lamba 3 ga kilo 30 zuwa 60, lamba 4 ga 50 zuwa 90, lamba 5 ga wanda ya haura 90. Taurin jikin nan shi ne sirrinsa a wuyan da aka riƙe: ba ka buƙatar sa yatsa a baki, kana riƙe da shi daga waje yana bin ganɗa da kansa. Babu sirinji, babu tambayar iska nawa za a hura, babu balan-balan da haƙori zai fasa. Wanda bai fi sau goma ya taɓa sa shi ba ma yakan dace a karon farko. Ƙa'idojin 2024 ɗin nan ma zubi na biyu suka fifita idan za a sa irin wannan na'ura ga mai raunin wuya.

Ba zan ɓoye ba, ni ɗan goyon bayan i-gel ne, amma yana da nasa. Kaurinsa na son baki ya buɗe, da kwala a ɗaure ba ya shiga da daɗi, sai an cire gabanta. Harshe yakan naɗe a cikin ƙoƙonsa ya tafi da shi baya idan ba a turo muƙamuƙi ba. In bai zauna daidai ba, ba ka da iskar da za ka ƙara ko ka rage, sai dai ka canza lamba, wato dole ka mallaki lambobin. Kuma na amfani sau ɗaya ne. Na san abin da ake yi a wurare da yawa, a wanke a jiƙa a maganin kashe ƙwayoyin cuta a mayar cikin leda. Ba don haka aka yi shi ba, kuma robar da ta sha wanki ta sha zafin watan Afrilu a sito marar fanka ba ita ce wadda ta fito daga kamfani ba. Haka LMA mai dahuwa: a hura shi a gani kafin a sa barci, in balan-balan ya kumbura gefe ɗaya ko yana sacewa, a jefar.

Akwai kuma Fastrach, wanda Brain ya fitar a 1997, mai ƙarfe da mariƙi, an yi shi musamman don a sa shi kai na miƙe a kuma zura bututun maƙogwaro ta cikinsa. A takarda kamar don majinyacinmu aka ƙera shi. A aikace yana da tsada, yana son buɗewar baki wajen santimita 2, ƙarfensa na danna ƙasusuwan wuya fiye da sauran, kuma tun da laringoskof mai kyamara, wato na'urar leƙa maƙogwaro, ya yaɗu kasuwarsa ta ja baya. In akwai shi a kabad ɗinku kuma wani ya iya shi, madalla. Ba zan ce a kashe kuɗi a sayo sabo ba.

Sai maganar ciki, wadda ta hau kan duk abin da na faɗa. Ƙa'idar azumin tiyata sa'a 6 ce ga abinci, sa'a 2 ga ruwa garai. Amma ciwo da firgici da allurar kashe zafi suna tsayar da tumbi, saboda haka lissafin da ke da amfani shi ne tsakanin cin abinci da lokacin hatsari, ba lokacin da aka shigo tiyata ba. Kuma a tambaya da kyau. Ɗan'uwan majinyaci zai ce maka, "Wallahi likita bai ci komai ba, fura kawai ya sha." Fura da nono abinci ce, mai kauri ma, kuma idan ta shiga huhu gari da tsami ne suka shiga. A watan azumi, hatsarin bayan shan ruwa ka ɗauka cikin a cike yake maƙil. Babban binciken da aka yi a Birtaniya a 2011 kan matsalolin hanyar numfashi ya nuna amai da ke shiga huhu shi ne kan gaba wajen kashe mutane a hannun masu sa barci. Guedel da bututun hanci ba sa kare huhu ko kaɗan. Idan kana matsa jaka da ƙarfi har matsi ya wuce 20, kana hura ciki ne kamar salka, abin da ke ciki kuma zai nemi hanya. A matsa a hankali, daidai yadda ƙirji zai ɗaga. i-gel da ProSeal sun fi, tunda suna da mafita, amma su ma ba su kai bututun maƙogwaro mai balan-balan ba. Ga mai cikakken ciki, duk waɗannan gada ce zuwa bututu, ko abin ceto idan bututu ya ƙi shiga. In ya ƙi, ƙa'idar 2015 ta ƙungiyar masu kula da hanyar numfashi mai wuya ta Birtaniya ta ce kada gwajin sa irin su i-gel ya wuce uku, daga nan a koma mas, in shi ma ya gaza a tsaga gaban wuya da aska lamba 10, a zura buji, a bi da bututu lamba 6.

Maganin sa barcin da ke hannunka ma yana da ta cewa. Furofofol na kwantar da maƙoshi sosai, shi ya sa LMA da i-gel ke shiga da shi salin-alin, amma yana kayar da hawan jini, lakar da ta ji rauni kuwa ba ta son jini ya yi ƙasa. Tayofenton ba ya kwantar da maƙoshi haka, sa LMA a kansa shi kaɗai kan jawo tari da shaƙuwa. Ketamin, wanda shi ne abin dogaro a asibitocin karkara, yana barin mutum da numfashinsa da kakarinsa, ga yawu. Cusa Guedel a bakin wanda ketamin kaɗai ya sha neman magana ne. A nan bututun hanci ya fi dacewa, in kai lafiya. Wanda kuma lakarsa ta riga ta taɓu, bugun zuciyarsa na iya raguwa da zarar an taɓa maƙoshi ko an zuƙe majina, saboda haka atrofin, maganin ɗaga bugun zuciya, ya kasance a cikin sirinji. In raunin lakar ya wuce kwana biyu zuwa uku, a guji sakzametoniyam, maganin sakin tsoka, yana iya harba sinadarin fotasiyam har zuciya ta tsaya.

Da wani shugaban sashe zai tambaye ni me zai saya da ɗan kuɗin da aka ba shi, zan ce ya fara cika Guedel lamba 2, 3 da 4, da mas masu taushin baki girma daban-daban, domin mas da ya bushe ya tsage ba na'urar da za ta gyara shi. Sannan i-gel lamba 3 da 4, ko da guda bibbiyu ne, a ajiye su a ɗakin tiyata inda hannu zai kai, ba a ofishin da ake kullewa da ƙarfe huɗu ba. Asibitin da ya fi ƙarancin ma'aikata shi ya fi buƙatarsu, ko da yake shi ne ya fi jin tsadarsu. Bututun hanci ya zo na uku. In da sauran canji, a tara a sayi kafnograf, na'urar da ke auna iskar da mutum ke fitarwa, domin oksimita, mai auna oksijin a jini, takan makara: bayan an shaƙa wa mutum oksijin na minti uku, lambarta na iya zama a sama alhali iska ta daɗe ba ta shiga. Kuma duk wanda za ka ɗauka, a buɗe ledarsa a shafa masa mai tun majinyaci na ido biyu, a faɗa da baki wa zai riƙe kai, wa zai matsa jaka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A daren nan mu uku ne har da mai taimaka mana. Na sa shi ya durƙusa ya riƙe kan, muka ɓalle gaban kwala, muka karkata gadon gaba ɗaya kai ya ɗan yi sama. Yaron ya sa Guedel lamba 3, ya kama mas da hannu biyu, ni na matsa jaka. Ƙirji ya ɗaga kaɗan, sauran iskar na fita ta cikin gemu ina jin ta a bayan hannuna. Gwajin farko na sa bututu bai nuna komai ba sai murfin maƙogwaro, lambar oksimita ta fara gangarowa. Na ce, "Miƙo wancan." Ya zura i-gel lamba 4 ina turo masa muƙamuƙi, ƙirji ya tashi sosai, muka zura siririn bututu ta gefensa muka zuƙo abin da ya kusa cika kofi, fari, mai tsami. Da lamba ta koma sama muka cire shi, muka sake gwadawa da buji, bututu ya shiga.

Da muka fito wajen asuba, yayan majinyacin na zaune a kan tabarma a baranda. Na ce, "Malam, ba ka ce mini bai ci komai ba?" Ya ce, "Wallahi likita, hura ce kawai, ludayi ukku."